Jikan da Na Miƙa a Jirgin Italiya

Ni 'yar reluwe ce. A kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa na Minna aka yanke mini cibiya, mahaifina kuma a bakin layin dogo ya tsufa. Don haka in aka ce akwai macen da jirgin ƙasa zai kunyata a duniya, ban taɓa sa kaina a ciki ba. Sai da na haura sittin, na haye teku, sannan wani ɗan jirgi mai tsafta kamar ɗakin amarya ya nuna mini iyakata a ƙasar Italiya.

Autata Hadiza ce ta kai ni. Nas ce a Ingila, mijinta ma a asibiti yake aiki, suna da yara biyu: Amir ɗan shekara huɗu, da takwarata Nana wadda a lokacin ta fara tatata. Na je musu ziyara ne. Da hutunta ya zo, mijin bai samu nasa ba, sai ta ce za ta fitar da ni in ga duniya, ta yankar mana tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa. Jirgi na ce, amma unguwa ce guda aka ɗora a kan ruwa. Bene a kan bene, ga kantuna, ga abinci dare da rana ba mai tambayar ko kai ɗan gidan wa ne. Abincin ba laifi in ka yafe masa rashin yaji. Ni da na san hali, na taho da ƙullin yajina da kuli-kulin Bida a ƙasan jaka.

Akwai wata magana tsakanina da Hadiza. Tun da aka haifi Amir nake roƙonta ta kawo mini yaran Minna su yi hutu a gidana a Tudun Fulani, su san danginsu, su taka ƙasa da ƙafarsu. Kullum da abin da za ta ce: sauro, zafi, ruwan sha. Daga ƙarshe ta fito da ta cikinta, ta ce, "Inna, yaran nan ba irinmu ba ne. Ba za ki iya da su ba." Ni da na raini bakwai, har da ita mai maganar. Na haɗiye, amma ban manta ba. Shi kuwa Amir, wanda nake kira angona kamar yadda kowace kaka take yi, ko hannuna ba ya yarda ya riƙe. A waya ya san ni, kuma da alama ya fi son ta cikin wayar, don ita ana iya kashe ta.

Ranar da jirgin ya tsaya a gaɓar Italiya, teku ta riga ta juya wa Hadiza ciki. Tun asuba take amai, ko kai ba ta iya ɗagawa. Ga shi ta riga ta biya kuɗin kai mu wasu ƙauyuka na bakin teku, ga yara suna neman rushe ɗakin. Ta dube ni, ta dube su, ta sake dubana kamar mai shirin ba kura ajiyar nama.

"Inna, za ki iya?"

"Ke dai kwanta," na ce.

Ta rataya mana katin jirgi a wuya ɗaya bayan ɗaya, ta ba ni wayarta ta biyu, sannan ta ɗora wa'azi. "Ki bi mai jar lema, ita ce jagora. Ƙarfe biyar jirgi yake tashi. Inna, wannan ba motar Kontagora ba ce da za a ce a jira Hajiya ta idar da salla. Kuma don Allah kada ki saki hannunsu. A ƙasashen nan in aka ga an yi sakaci da yaro, hukuma karɓe shi take yi." Wannan ta ƙarshen ita ce ta zauna mini a rai. Ta haɗa ni da wani keken tura yara mai kujera biyu, mai tayoyi kamar na babur, wanda take ji da shi kamar ɗa na uku. Ni amalanke nake ce masa.

Ƙauyukan a jere suke a jikin dutse, kowane yana leƙen teku, jirgin ƙasa kuma yana bi ta cikin ramin dutse daga wannan zuwa wancan. Sunayensu sun ƙi zama a bakina, sai na raɗa musu nawa.

Na farko shi ne Garin Matakala. Gidaje masu launi kala-kala, ja da ɗorawa da ruwan hoda, an ɗora su bisa juna kamar kwanukan jere. Kyau kam akwai shi. Amma duk wanda ya gina garin nan bai taɓa tura amalanke ba. In ka fita daga tasha matakala, in ka juya matakala, in ka tambayi banɗaki a nuna maka matakala. Maimakon amalanke ya ɗauki yara, ni na ɗauki amalanke. Nana tana ciki tana tsala kuka, Amir ya ce ƙafarsa ta gaji tun bai taka ba. Kafin in kai rabin hawa, jar lema ta yi gaba da mutanenta, tsofaffin Turawa masu gajeren wando da ke tafiya kamar ana binsu bashi. Ban sake ganin lemar nan ba sai a mafarki.

Na tsaya na yi shawara da kaina. Na ciro zani daga jaka, na sunkuya na saɓa Nana a baya na ɗaure tam. Ko minti ba a yi ba ta yi shiru, ta kwantar da kai. Amalanke kuwa na zuba masa jaka da robar ruwa, ya koma aikin da ya dace da shi. Sai ga Turawa sun kewaye ni da wayoyi suna ɗaukar hoto. Sun baro ƙasashensu don su ga gidaje a kan dutse, sun ɓuge da kallon goyo. Na gyara tsayuwa, tunda abin ya zama haka.

A wani ɗan fili na tarar da wani baƙin mutum mai furfura a gemu, ya shimfiɗa malafuna da tabarau a kan ƙyalle. Rana ta fara dukan kan Amir, sai na ɗauki wata 'yar malafa na tambaya da ɗan Turancin da na tsira da shi daga firamare. Ya faɗi kuɗi, na taya, ya rantse, na biya. Taku kaɗan na ga irinta sak a ƙofar wani kanti, farashin da aka rubuta bai kai rabin nawa ba. Ni da na shekara talatin ina sayar da atamfa a kasuwar Minna. Na juyo na dube shi na ce da Hausa, don in huce, "Allah ya isa, ɓarawon banza."

Mutumin ya miƙe tsaye kamar an tsikare shi. "Mama, ba barawo ba ne, kasuwa ne. Kai daga ina?"

Na kusa sakin amalanke. Hausar unguwar Barkin Sale ta Minna ce tsantsa, wadda mace da namiji duk "kai" ne, duk "shi" ne. Na ce masa daga Minna. Ya dafe kai da hannu biyu. Sunansa Sande, amma ya ce a Minna Danladi ake kiransa. Iyayensa mutanen kudu ne, ubansa bakanike, a Barkin Sale aka haife shi, kuma rabonsa da gida tun gemunsa yana baƙi. Ya dinga jero mini tambayoyi. Har yanzu Fulani suna kawo nono da safe? Har yanzu ana soya doya a bakin tasha? An gyara hanyar Suleja? Na ce masa biyun farko suna nan, ta ukun kuma ya ci gaba da addu'a. Ya yi dariya har da hawaye, ya ɗora wa Amir tabarau na roba kyauta. Kuɗina dai bai dawo ba.

Muka hau jirgi zuwa na biyu, Garin Kifi. Nan ƙasa-ƙasa yake, ga kwale-kwale an jere a bakin ruwa, ga mutane kwance a kan duwatsu suna shanya jiki, manya da su, da ɗan abin da bai kai hankici ba. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan teku. Amir ya ga askirim ya kwanta a ƙasa yana birgima, na saya. Ya lasa sau biyu, askirim ɗin ya faɗi a kan takalmina, ya sake kwanciya. Na saya masa soyayyen kifi a cikin takarda, wasu 'yan ƙanana kamar yatsa, na barbaɗa yajina a nawa kason, shi ya ce nasa yana kallonsa. Don in samu in yi salla, na ba shi wayar ya kalli zanen yara, na ɗaure gefen rigarsa a jikin amalanke, na shimfiɗa mayafi a bayan wani kwale-kwale. Wani tsohon masunci da ke gyaran taru ya taso, ya tsaya yana karkatar da masu wucewa har na sallame. Na gode masa da hannu a ƙirji. Da na karɓi wayar, angona ya shanye mata caji tas, ta mutu murus.

Ban damu ba. Na ci garuruwa biyu, yara suna raye, ɗaya ma tana barci. A raina har na fara tsara yadda zan ba Hadiza labari ina yatsina. Da wannan girman kan na gangara tasha don mu leƙa gari na uku.

A nan sai na yi bayani, don yaran yanzu ba su san shiga jirgi ba. A zamaninmu, in jirgin Ikko ya iso Minna cike da mutane, ba mai hankalin da zai kutsa ƙofa da yara. Taga ake nema. Ka duba macen da fuskarta ta kwanta maka, ka miƙa mata yaro ta taga, ka miƙa kaya, sannan kai ka je ƙofa ka yi kokawarka. In ka shiga ka tarar da ɗanka a cinyarta, wataƙila ma ta ba shi abin taɓawa. Ba a tambayar suna. Kuma jirgi ba ya motsi sai mai tuta ya ɗaga, an busa usur, ya yi tari, ya yi miƙa. Ko ya fara tafiya, mai zani ma tana iya cim masa.

Jirgin da ya zo Garin Kifi a cike yake maƙil, mutane kuma suka yi masa caa. Ga goyo, ga amalanke, ga Amir yana neman zillewa. Tagoginsu ba sa buɗewa, amma daf da ƙofa na hango wata tsohuwa zaune cikin baƙaƙen kaya, da kwando a gefenta, fuskarta irin ta mutanen da suka yi raino. Jikina ne ya yi aikin, ba kaina ba. Na ɗaga Amir na miƙa ta saman kafaɗun mutane. Ita ma, Allah ya sani, hannu biyu ta sa ta karɓe shi ta ɗora a cinya, kamar mun yi alkawari. Na juya in naɗe amalanke. Ashe yana da wani maɓalli da sai Hadiza ta san inda yake. Ina cikin danne-danne na ji wani ɗan ƙara, ɗit ɗit ɗit, kamar agogon hannu. Na waiga. Ƙofa ta rufe kanta.

Ba tuta, ba usur, ba tari. Na bi shi ina dukan jikinsa da tafin hannu kamar motar haya, ina cewa a tsaya akwai fasinja. Jirgin ya sulale cikin ramin dutse. Abin da na gani na ƙarshe shi ne malafar tsada da tabarau na roba a jikin gilashi.

Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ko ranar da aka shiga da ni tiyata. Ga ɗan sanda can ƙarshen tasha yana shan iska, amma maganar Hadiza ta dawo mini: hukuma karɓe shi take yi. In na buɗe baki na ce na miƙa jikana ga matar da ban sani ba, da wane yare zan bayyana musu tashar Minna? Na ga an raba 'yata da ɗanta saboda ni. Na ja bakina na yi shiru, ina ta salati a zuci.

Na ce tsohuwar nan mai hankali ce, za ta sauka a gari na gaba ta jira. Jirgi na biye yana zuwa na afka, amalanke a buɗe, na taka ƙafar wani Bature ban ko ba shi haƙuri ba. Muka fito daga rami, ga tashar gari na uku, Garin Lemo, ga tsohuwa tsaye riƙe da hannun Amir. Na matsa ƙofa ina hamdala. Jirgin bai ko rage gudu ba. Ashe akwai mai tsayawa ko'ina, akwai mai tsallake. Na manna fuska a gilashi ina ɗaga hannu, ita ma ta gan ni, ta ɗaga kwando sama tana faɗar abin da na tabbata ba addu'a ba ce.

Sai gari na huɗu ya tsaya. Wannan ban raɗa masa suna ba, don ban ga komai a cikinsa ba sai hanyar tsallakawa ɗaya gefen. Na ɗauki amalanke a ka na sauka matakala, na hau matakala, na shiga jirgin komawa. Muna daf da Garin Lemo wani jirgi ya gifta mu yana tafiya inda na baro. A tagarsa na ga baƙaƙen kaya da 'yar malafa. Ta biyo ni, na biyo ta.

Na sauka a Garin Lemo na zauna a kan benci. Na ce to, bari in yi abin da ake koya wa yara a kasuwa: in an rabu, ɗaya ya tsaya wuri guda. Na zauna. Jirgi ya zo, ba su. Wani ya zo, ba su. Inuwar tasha ta fara tsawo. Nana ta farka tana jan kunnena tana kiran sunan yayanta. A nan ne na yi kuka, kukan tsofaffi marar sauti, ina share hawaye da bakin mayafi. Na tuna gidana, na tuna maƙwabciyata Maman Bose da in yaro ya ɓata a layinmu kafin a kai cigiya masallaci ta riga ta san gidan da yake cin tuwo. A nan kuwa mutane dubu suna wucewa, kowa da wayarsa, ba wanda zan ce wa wayyo.

"Mama, lafiya? Ina yaro naka?"

Danladi ne, da ƙullin malafunsa a kafaɗa. Ashe su masu tallan nan haka suke yini, daga gari zuwa gari, in 'yan sandan wannan sun matsa su koma wancan. Na kwashe labari na faɗa masa. Da na zo wurin miƙa yaro, ya ajiye ƙullinsa ya zauna a ƙasa.

"Ka mika shi? Kamar a teshan Minna?"

"Kamar a tashar Minna."

Ya so ya yi dariya, ya dubi fuskata ya fasa. "Mama, kada ka yi kuka. Kowane tesha akwai mutanenmu. Yaro baki da hula nawa a kai, ina zai buya?" Ya ciro waya ya shiga kira, wannan da Turancin Buroka, wancan da Italiyanci, wani da yaren da ban taɓa ji ba. A kira na uku ya ɗaga mini hannu. Wani ɗan Senegal mai sayar da jakunkuna a gari na huɗu ya ce ga wata tsohuwa can a kan benci tun ɗazu, da yaro a cinya, ta ƙi motsawa. Ita ma ta yanke shawarar ɗaya ya tsaya wuri guda. Da Allah bai kawo Danladi ba, da muna nan zaune har yau, ni da ita, kowa yana ganin shi ne mai hankali.

Danladi ya naɗe amalanke da yatsa ɗaya, abin da ya ƙara ɓata mini rai, muka hau jirgin da ya tabbatar mai tsayawa ne.

Na same su yadda aka faɗa. Angona yana zaune daram a cinyarta, bakinsa sharkaf da man zaitun, yana cin wani faffaɗan burodi da ta ciro daga kwando. Yaron da ya ce kifi yana kallonsa. Yana ganina ya diro ya rugo, ya ƙanƙame ƙafafuna, ya cusa kai cikin zanina yana kuka. Ranar ce ya fara taɓa ni don kansa.

Tsohuwar ta taso. Gajeriya ce, ba ta kai kafaɗata ba. Ta ɗaga hannu ta ɗaka mini duka a damtse, ta shiga zazzaga faɗa da hannu da ka da kafaɗa. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane duka, don abin da zan faɗa ke nan da ni ce ita. Na sunkuyar da kai na karɓa. Da ta gaji, sai ta rungume ni har da goyon.

Na ce Danladi ya tambaye ta me ya hana ta kai shi wurin 'yan sanda. Ta taɓe baki ta yi magana. Ya ce, "Ya ce dan sanda takarda zai rubuta. Ya ce wanda ya ba shi yaro kaka ne, kaka kuma zai dawo." Sai ta ciro waya daga aljihun riga ta nuna mini hoton yara uku masu jajayen kumatu. Jikokinta ne, suna Ostireliya. Ƙaramin ba ta taɓa ɗaukarsa ba, a waya ta san shi. Ta shafa cinyarta inda Amir ya zauna, ta faɗi wata gajeriyar magana. Danladi ya fassara. "Ya ce ya dade kafa nashi bai yi ciwo mai dadi haka ba."

Ba a karɓar yaro hannu sake. Na ciro zanin atamfa da na taho da shi na canjin goyo, sabo fil, na ba ta tukuici. Ta ƙi, na nace, ta yafa a kafaɗa a kan baƙaƙen kayanta, ta cika mini jaka da lemon tsami manya kamar gwanda. Da mun samu wuri da mun yini. Danladi ne ya dubi agogo ya ce, "Mama, jirgi naka."

Gudun da muka yi daga tashar jirgin ƙasa zuwa bakin ruwa, ban yi irinsa ba tun ina budurwa. Danladi a gaba, Amir a wuyansa, ƙullin malafuna a cikin amalanke yana turawa da hannu ɗaya. Ni a baya, Nana tana tsalle a gadon bayana tana ƙyalƙyala dariya, lemo yana zubewa ɗaya-ɗaya. Jirgin ruwa ya yi wani kuka da na ji har cikin haƙorana. A ƙofar shiga Danladi ya tsaya, ya sauke Amir, ya ce shi iyakarsa nan. Ya fara kwashe kayansa daga amalanke, na riƙe hannunsa.

"Bar su. Naka ne."

"Mama, wannan abu da tsada fa."

"Malafarka ma da tsada."

Na zaro ƙullin kuli-kulin Bida da sauran yajin na danƙa masa. Ya buɗe ya shinshina, sai ya juya mini baya, kafaɗunsa suna rawa. Da ƙyar ya ce, "Ka gaishe mini da Barkin Sale." Na ce za ta ji.

Mu ne na ƙarshe. Ma'aikata suna shirin janye gadar, mutane a saman bene suna tafa mana kamar mun ci ƙwallo. Hadiza tana tsaye a bakin ƙofa, amai ya warke, ido ya yi ja. Ta ƙirga mu da ido, ɗaya, biyu, uku, ta sauke ajiyar zuciya. Sannan ta leƙa bayana.

"Inna, ina keken?"

"Na ba da shi tukuici."

"Tukuicin me?"

Na so a kai ɗaki tukuna, amma angona ya riga ni. Ya buɗe baki da Turancinsa mai sauri ya zayyana komai, yana nuna yadda aka ɗaga shi sama, yadda ƙofa ta rufe, yadda ya yi sabuwar kaka mai burodi. Na ga fuskar Hadiza tana sauya launi. Muka shiga ɗaki. Ta yi wa yara wanka, ta duba Amir tun daga kai har yatsun ƙafa, ta zauna a bakin gado ta juya mini baya. Na san zancen zuwan yara Minna ya tafi ke nan. Na yi wa kaina, ba wanda ya yi mini.

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Miƙa shi kika yi. Kamar a tasha."

Na ce, "Haka ne."

"Ni ma kin taɓa miƙa ni, da za mu Kaduna bikin Yaya Asabe. Ta taga. Wata mata mai tsagar Nufawa ta karɓe ni, ta ɓare mini dafaffen ƙwai, na yi barci a jikinta. Har yau ina ganin fuskarta."

Sai na ga bayanta yana rawa. Na matsa na zauna kusa da ita.

"Inna, tun da na haifi yaran nan ban taɓa samun wanda zan ce wa riƙe mini ba. A bas, a asibiti, a kanti, ni kaɗai. Ranar da zan haifi Nana, da Amir na tafi a hannu, ina naƙuda ina ba shi biskit." Ta share hanci da bayan hannu kamar tana 'yar shekara biyar. "Raina ya ɓaci da ke, wallahi ya ɓaci. Amma kuma ina ta tunanin matar nan da ta sa hannu biyu."

Na jawo kanta na ɗora a cinyata. Amir ya hau ɗaya gefen ba wanda ya kira shi.

Da hutun ƙarshen shekara suka zo Minna, su huɗu. Sauro ya ci rabonsa, Amir ya koyi cin tuwo da hannu da zagin akuya da Hausa. Na kai su Barkin Sale na tsaya a bakin titi na isar da gaisuwar Danladi da ƙarfi, masu babur suna kallona. A hanyar dawowa muka tari keke mai ƙafa uku, akwai wata Bagwariya a ciki da kwandon tumatir a ƙafarta. Ga kaya a hannun Hadiza, ga Nana. Ina kallo ta dubi fuskar matar, ta ɗan yi jim, ta ce, "Mama, don Allah riƙe mini." Matar ta sa hannu biyu ta karɓa.

Sai dai na lura da abu ɗaya. Sai da Hadiza ta shiga ta zauna, ta riƙe rigar direba gam, sannan ta miƙa Nana.